Tambaya da Amsa: Arthur Wharton, ɗan Afirka na farko da ya ci abinci da ƙwallo a Ingila

A fitowarmu da ta gabata, cikin amsar wata tambaya game da 'yan wasan Afirka da ke buga ƙwallo a Turai, mun ambaci sunan Arthur Wharton a taƙaice, muka ce shi ne haifaffen Afirka na farko da ya mayar da ƙwallon ƙafa sana'ar da ake biyansa albashi a kanta a Ingila. Wannan 'yar magana ta jawo mana wasiƙu da dama, kuma uku daga cikinsu, dukkansu daga Zariya, sun cancanci a tsaya a amsa su da kyau.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni makanikin babur ne a Sabon Gari, kuma duk Asabar da Lahadi ba na fashin zuwa gidan kallon ƙwallo na unguwarmu. Da na karanta wa jama'a abin da kuka rubuta, sai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe wanda muke kira Baba, ya ce shi bai taɓa jin wannan suna ba, kuma a iya saninsa Tanda Balogun ne baƙin mutum na farko da Turawa suka biya kuɗi ya buga musu ƙwallo. Gardama ta yi tsawo har aka dawo daga hutun rabin lokaci ba mu gama ba. Don Allah a raba mana ita. Daga mai karatunku a Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaishe mana da Baba da kyau, ka kuma shaida masa cewa maganarsa tana da tushe. Tesilimi Balogun, wanda aka fi sani da Tanda, wato tsawa da Turanci, saboda ƙarfin bugunsa, yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka yi ƙwallon albashi a Ingila, kuma ba abin mamaki ba ne tsohon ma'aikacin reluwe ya riƙe sunansa, tunda ya buga wa ƙungiyar Reluwe ta Legas a lokacin da take tashe. Yana cikin tawagar Nijeriya da ta je rangadin Ingila a 1949 ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, tawagar da yawancin 'yan wasanta suka buga ba takalmi, suka kuma ci wasansu na farko da ƙungiyar Marine da ci 5 da 2. A 1955 ya koma Ingila ya sa hannu da Peterborough United, sannan a kakar 1956/57 ya buga wa Queens Park Rangers ta birnin Landan. Ko a cikin 'yan Nijeriya ma, abokin tafiyarsa na 1949, Titus Okere, ya riga shi, domin ya sa hannu da Swindon Town tun 1953. Amma tsakanin ranar da Wharton ya fara karɓar albashin ƙwallo da ranar da Balogun ya sauka Peterborough akwai shekara 66.

An haifi Arthur Wharton ranar 28 ga Oktoba, 1865, a unguwar Jamestown da ke Akara, a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin cocin Methodist ne haifaffen tsibirin Grenada, mahaifiyarsa kuma, Annie Florence Grant, tana da jinin sarautar Fante ta wajen uwa, ta wajen uba kuma 'yar wani ɗan kasuwa ce mutumin Sukotlan. Gida ne na ilimi da rufin asiri, ba gidan da ake tsammanin ɗa zai nemi abinci da gumin ƙafarsa ba. Mahaifin ya rasu a 1873, kuma a 1882 dangi suka tura yaron Ingila domin ya yi karatun da zai gaji aikin ubansa na wa'azi da koyarwa. Ya fara zama a wata makaranta a garin Cannock, daga baya ya koma Darlington, a arewa maso gabashin Ingila, kuma a can ne wasanni suka ɗauke hankalinsa daga littafi.

Da gudu aka fara saninsa, ba da ƙwallo ba. A watan Yuli na 1886, a gasar tsere ta ƙasa da aka yi a filin Stamford Bridge na Landan, ya gudu yadi 100, wato mita 91 da ɗoriya, cikin daƙiƙa 10 cif, abin da aka karɓa a matsayin bajinta mafi girma ta duniya a wannan tazara. Magoya bayan Chelsea da ke gidan kallonku su lura cewa filin nasu ne, amma a lokacin filin guje-guje ne, domin sai a 1905 aka kafa ƙungiyar. Ya sake lashe gasar a 1887, kuma a shekarar ya kafa tarihi a tseren keke tsakanin garuruwan Preston da Blackburn. A cikin waɗannan shekaru yana tsaron raga wa ƙungiyar Darlington, har Preston North End, wadda ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a ƙasar a wancan zamani, ta ɗauke shi domin wasannin kofin ƙalubale na Ingila. Da shi a raga Preston ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 1887, inda West Bromwich Albion ta fitar da ita da ci 3 da 1.

Domin a fahimci abin da ake nufi da ɗan wasan albashi a lokacin, dole a san cewa har zuwa 1885 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta haramta biyan ɗan wasa. 'Ya'yan masu hali da suka fito daga manyan makarantu, waɗanda su ne suka rubuta dokokin wasan a 1863, suna ganin karɓar kuɗi a kan wasa zubar da mutunci ne. Ƙungiyoyin garuruwan masaƙu na arewa kuwa, waɗanda 'yan wasansu leburori ne da ba za su iya barin aikin yini su tafi wasa kyauta ba, suna biya a ɓoye, ko su sama wa ɗan wasa aikin jeka-na-yi-ka a masana'antar wani mai kuɗin ƙungiya. A 1884 an kori Preston ɗin nan daga gasar kofi saboda wannan laifi. Da ƙungiyoyin arewa suka yi barazanar ɓallewa, sai hukumar ta sassauta a watan Yuli na 1885, sannan a 1888 aka kafa gasar lig da ƙungiyoyi 12. Wharton ya buga wa Darlington da Preston a matsayin ɗan wasan sha'awa, ya bar Preston kafin kakar 1888/89 wadda ta lashe lig ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ya tafi Sheffield yana tseren kuɗi. A 1889 ya sa hannu da Rotherham Town a matsayin ɗan wasan albashi, kuma wannan shekarar ce muke nufi.

Akwai wani suna da ya kamata ku sani domin kada wani ya zo ya sake tayar muku da gardamar. Andrew Watson, baƙar fata haifaffen Guyana a Kudancin Amurka, ya riga Wharton shahara, domin shi ne kyaftin ɗin Sukotlan a wasan da ta lallasa Ingila da ci 6 da 1 a 1881. Yawancin rayuwarsa ɗan wasan sha'awa ne, ko da yake wasu masana tarihi suna ganin ƙungiyar Bootle ta biya shi a 1887. Ko ma yaya aka yanke wannan, Watson ba a Afirka aka haife shi ba, saboda haka matsayin Wharton na haifaffen Afirka na farko yana nan daram.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Samaru, kuma na ɗan bincika labarin mutumin nan domin in ba ɗalibaina. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Ta yaya za a ɗauki mutumin da ya fi kowa gudu a ƙasa a tsayar da shi a raga? Sannan in har ya ƙware kamar yadda ake faɗa, me ya hana Ingila kiransa ya buga mata? Daga wata malama a Samaru, Zariya.

AMSA: Barka kadai, Malama, kuma Allah ya saka miki da alheri bisa koya wa 'ya'yanmu mata wannan fanni da ake yawan rainawa. Tambayarki ta farko tana da amsa a cikin dokokin wasan na wancan lokaci, domin mai tsaron gida na shekarun 1880 ba irin wanda muke gani a talabijin ba ne. Har zuwa 1912 doka ta yarda ya taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filin ƙungiyarsa, ba a cikin da'irarsa kaɗai ba, don haka gola mai gudu yana iya fitowa ya tare hari tun daga nesa, ya kuma tura ƙwallon gaba. Ƙungiyoyi kuma sun saba jera 'yan gaba biyar, 'yan tsakiya uku, 'yan baya biyu kacal, abin da ke barin fili fetal a gaban raga. A irin wannan tsari gudun Wharton ba asara ba ne. Wani lokaci ma, idan buƙata ta taso, akan fitar da shi daga raga ya buga gefe.

Ki kwatanta wa ɗalibanki yadda aikin yake. Fili ne na taɓo a tsakiyar hunturun arewacin Ingila, ƙwallo kuma na fata ne mai ɗinkin igiya, wanda idan ya sha ruwa yake ƙara nauyi har bugunsa da ka yakan sa mutum jiri. Gola yana sanye da riga iri ɗaya da ta abokan wasansa, domin sai a 1909 aka wajabta masa launi dabam. Da zarar ya kama ƙwallo, 'yan gaban abokan hamayya suna da damar su bangaje shi da kafaɗa, su tura shi cikin gidan tare da ƙwallon, alƙalin wasa kuma ya ce an ci. Wannan ne ya sa golan zamanin ya fi dogara da naushi fiye da kamu, kuma Wharton ya yi suna wajen naushin ƙwallo ya yi nisa. Babu canjin ɗan wasa, saboda haka wanda ya ji rauni ko dai ya daure ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. Ita kanta ragar da bugun fanareti sai a farkon shekarun 1890 suka shigo, yana tsakiyar sana'arsa. Waɗanda suka gan shi sun ba da labarin cewa yakan tsuguna a jikin turke kamar wanda ba ruwansa da wasan, sai an buga ya zabura ya tare, kuma akwai wanda ya ce ya ga ya yi lilo a jikin sandar sama ya cafke ƙwallo da ƙafafunsa, 'yan gaba uku da suka taho bangazarsa suka zube cikin raga. 'Yan kallo suna son wannan, amma wasu marubutan jaridu sun mayar da shi hujjar cewa ba shi da natsuwa.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma adalci ya sa a faɗi ɓangarorinta duka. A wancan zamani Ingila wasa uku kawai take yi a shekara, da Sukotlan da Wales da Ailan, gurbin gola kuma ɗaya ne, masu zaɓe kuma sun fi karkata ga 'ya'yan manya na kudu. Turawa da yawa ƙwararru ma ba su samu kira ba. Haihuwarsa a waje ba ta hana shi ba, domin tun a 1875 William Rawson, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu, ya buga wa Ingila. A shekarun 1886 da 1887 akwai masu sharhi a arewa da suka fito fili suka ce ya cancanta, amma ba a kira shi ba, kuma jaridun da ke yabonsa su ne dai suke kiransa da laƙabin da ke nuni ga launin fatarsa, wasu har suna tambaya ko mutum irinsa yana da kaifin hankalin da tsaron raga ke buƙata. A ganina, duk wanda ya ce launi bai taka rawa ba bai dubi abin da ya biyo baya ba. A 1925 an sanar da Jack Leslie na Plymouth Argyle cewa yana cikin tawagar Ingila, sannan sunansa ya ɓace daga jerin, kuma sai a 2022 hukumar ta amince an zalunce shi, ta ba shi hular girmamawa shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Viv Anderson ne aka fi ɗauka a matsayin baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila, a 1978, shekara 92 bayan tseren Stamford Bridge.

Dama mafi girma da Wharton ya samu a lig ita ce komawarsa Sheffield United a 1894, sai dai ya tarar da wani matashi ƙato mai suna William Foulke, wanda daga baya ya lashe lig da kofi da ƙungiyar, ya kuma zama kyaftin ɗin Chelsea na farko. Wasa ɗaya tak Wharton ya buga a rukunin farko, da Sunderland a watan Fabrairu na 1895, kuma da wannan wasan ya zama baƙar fata na farko da ya taka leda a babban rukunin Ingila. Yana gab da cika shekara 30 a lokacin, ƙuruciyarsa ta riga ta tafi a ƙananan ƙungiyoyi da filayen tsere.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni magidanci ne a cikin birnin Zazzau, kusa da Ƙofar Doka. Ina da yaro ɗan shekara 16 wanda kowa ya shaida Allah ya ba shi ƙafa, har ya fara cewa zai bar makaranta. Kwanan nan wani mutum ya zo ya ce in haɗa masa kuɗi masu yawa zai kai shi gwaji Turai, mahaifiyarsa kuma ta ce in sayar da gonar gado. Wani maƙwabcina da ke karanta mujallarku ya ce mini shi wannan Wharton ɗin da kuke yabo a cikin talauci ya mutu. Shin gaskiya ne, kuma in gaskiya ne, me ya jawo? Ina neman shawararku tsakani da Allah. Daga wani uba a birnin Zariya.

AMSA: Amin, wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya kuma raya mana yaron. Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya, kuma wannan ɓangare na labarin ne ya fi damuna, domin shi ne wanda ba a cika faɗa ba.

Bayan Sheffield United, Wharton ya riƙa gangarawa. Ya buga wa Stalybridge Rovers da Ashton North End, ƙananan ƙungiyoyi biyu a kusa da Manchester waɗanda Herbert Chapman, wanda daga baya ya gina Arsenal, shi ma ya ratsa ta cikinsu yana matashi. Ashton ta karye a 1899 saboda rashin kuɗi. Ƙungiyarsa ta ƙarshe ita ce Stockport County a rukuni na biyu, inda ya rataye takalmi a 1902 yana da shekara 36. Ya ci gaba da samun ɗan abin sawa a baka ta wasan kurket, wanda shi ma ya ƙware a kai, amma daga ƙarshe sai ga shi lebura a mahaƙar kwal ta Yorkshire Main da ke Edlington, kusa da Doncaster, yana jan taragun kwal, aikin da ke cinye ƙarfin samari balle na mutumin da ya haura hamsin. Yana cikin ma'aikatan kwal lokacin babban yajin aikin 1926, wanda ya bar iyalansu wata bakwai babu albashi. Ya rasu a watan Disamba na 1930 yana da shekara 65 bayan doguwar jinya, aka binne shi a kabarin da ba ko alamar suna. Sai a 1997 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launi a ƙwallo da ke Sheffield ta tara kuɗi aka kafa masa dutse, a 2003 aka sa shi cikin jerin gwarazan ƙwallon Ingila, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a St George's Park, cibiyar horar da tawagar ƙasar.

Dalilin farko shi ne tsarin sana'ar kanta. Albashin ɗan wasa ya ɗan fi na lebura, amma ba dukiya ba ne, kuma a 1901 aka ƙayyade cewa kada ya wuce fam 4 a mako, dokar da a sifofi dabam-dabam ta zauna har 1961. Ƙungiyoyi da yawa suna rage albashi ko su tsayar da shi a watannin da ba a wasa. Tun 1893 kuma aka kafa dokar da ta ba ƙungiya ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, ta yadda ba zai koma wata ƙungiyar lig ba sai da yardarta. Babu fansho, babu inshorar kirki, kuma ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa mai ɗorewa ba ta kafu ba sai 1907, bayan ya bari. Ana lallaɓa ɗan wasa ne kamar rake, a tsotse zaƙin a yar da ɓawon.

Dalili na biyu shi ne irin aikin gefe da ake sama wa 'yan wasa. Al'adar ƙungiyoyi ce su ba fitaccen ɗan wasa mashaya ya riƙa gudanarwa, domin sunansa ya jawo masu saye, kuma Wharton ya riƙe irin waɗannan wurare a Rotherham da Sheffield. Masu bin tarihinsa sun yi ittifaƙi cewa giya ta yi masa illa a ƙarshen rayuwarsa. Wannan nasa ne, ba za a ɗora wa kowa ba, ko da yake wanda ya ajiye shi a bakin rijiyar shi ma yana da nasa kason.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi kusa da tambayarka. Karatu aka tura shi, bai kammala da wata sana'a a hannu ba, kuma a idon masu mulkin wancan zamani ɗan wasan albashi ya sauka daga sahun masu daraja. A 1893, tun yana tsakiyar tashensa, ya nemi aikin gwamnati a Gwalkwas domin ya koma gida, aka hana shi. Wato shi da kansa ya hango ƙarshen hanyar tun da sauran ƙarfinsa, ya nemi mafita, ya tarar ƙofar ta rufe. Ka dubi bambancinsa da Balogun da muka ambata a sama, wanda ya haɗa ƙwallonsa a Ingila da koyon aikin ɗab'i, ya kuma samo takardar shaidar horar da 'yan wasa, ya dawo gida ya yi aiki da ita, har ya kasance cikin masu horar da tawagar Nijeriya a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, inda muka yi kunnen doki 3 da 3 da Brazil. Ba don ya fi Wharton baiwa ba ne sunansa yake kan filin wasa a Surulere ta Legas, sai don ya tanadi abin yi bayan ƙafa ta gaji.

Ba na cewa a hana yaron ƙwallo, Alhaji. Zamani ya canza ƙwarai, 'yan wasa suna da 'yanci da kuɗin da Wharton bai taɓa mafarkinsu ba, kuma yaran arewa irin su Daniel Amokachi da ya fito daga Ranchers Bees ta Kaduna da Ahmed Musa da ya bi ta Kano Pillars sun nuna cewa hanyar tana ɓullewa. Amma ka lura dukkansu a gida suka fara, aka gan su a ƙungiyoyin da kowa ya sani, sannan Turai ta neme su. Shawarata ita ce yaron ya gama sakandare yana wasa da yamma da ranakun hutu, ku nema masa ƙungiyar matasa mai rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, kai da kanka kuma ka je ka ga kocin ido da ido.

Game da mutumin da ya zo maka kuwa, kada ka sayar da gonar. Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata domin ƙwallo, in ban da wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura saboda dalilin da bai shafi wasa ba, kuma ɗanka ba ya cikinsu. Saboda haka ko da an kai shi, babu ƙungiyar Turai da za ta iya yi masa rajista yanzu. Ƙungiyar gaske idan tana son ganin yaro ita ke aiko da takardar gayyata da sunanta, ba ta neman kuɗin gwaji daga hannun uba. Ka ce wa mutumin ya kawo lasisinsa na dillancin 'yan wasa da takardar ƙungiyar da ya ce za ta karɓi yaron, sannan ka kai su ofishin hukumar ƙwallon ƙafa a Kaduna a tantance maka su kafin ka sake zama da shi.